Maganin Kansa da Zuciyar da Muka Gada: Jawabin Kwamitin Lafiya a Bikin Cikar Ƙungiyarmu Shekara 10



Hajiya shugaba, iyayen ƙungiya, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, baƙinmu da suka taso daga Samaru da Dogarawa da Tudun Wada, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na nan Chikaji, Musulmi da Kirista, barkanmu da ganin wannan rana. Allah da ya nuna mana shekara 10 muna zubi ba a taɓa jin kanmu ba, ya nuna mana 20 cikin lafiya da rufin asiri.

Ma'aji ta gama karanta mana lissafin kuɗi, kuma alhamdu lillahi, an ga riba. Mu kwamitin lafiya lissafin da muka zo da shi daban ne. Mu uku ne a kwamitin, dukkanmu 'yan kasuwa, babu likita a cikinmu. Wadda take karanta muku wannan takarda ma, shekara 6 da suka wuce da dangwale take sa hannu a littafin zubi. Don haka in kun ji harshenmu ya sarƙe a kan wani suna na Turawa, ku yi mana uzuri. Amma abin da za mu faɗa ba jita-jitar bakin kasuwa ba ne. Mun je mun tambaya, an yi mana bayani, mun sake tambaya, 'yar wata 'yar ƙungiyarmu da take aikin nas ta zauna da mu sau huɗu, malamarmu kuma ta duba mana rubutun.

Za mu fara da labarin yayarmu mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ga ta nan zaune a gaba, ita ce ta ce mu faɗa, ta ce kada mu rage komai.

Kowa ya tuna shekara 3 da suka wuce lokacin da ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ta ɓoye ba, ta faɗa mana, muka ciro daga asusu muka ƙara da karo-karo. Aka yi gwaji aka ce kansa ce, wato ciwon daji. Aka yi mata aiki, sannan aka fara ɗaura mata wani jan magani ta jijiya, bayan kowane mako uku, har sau huɗu. Gashinta ya zube, amai ya dame ta, har fitsarinta ya koma ja na kwana ɗaya ko biyu bayan kowane ɗauri. Duk an riga an faɗa mata haka zai faru, ta daure. Da ta gama muka yi walima a wannan tsakar gidan da muke zaune, aka ci shinkafa aka yi addu'a. Muka ce an wuce wurin.

Wata huɗu bayan nan sai ta fara haki. Daga bakin titi zuwa shagonta sai ta tsaya sau biyu. Takalminta ya daina shiga ƙafarta. Da dare ba ta iya kwanciya a miƙe, sai ta jera matashi uku, ga tari. To mu me muka yi? Gaskiya ɗaya ce, iyayenmu, ba mu kyauta ba. Wasu suka ce cutar ce ta dawo, a bar wa Allah. Wasu suka ce hannu aka sa mata saboda shagonta ya fara cika. Mu da muke ganin mun waye muka je wani kemis muka sayo maganin tari. Aka kawo jiƙe-jiƙe, har da mai kanwa a ciki. Sati shida muka ɓata a haka, ƙafa tana ƙara hawa.

Sai da yarinyar nan nas ta zo gaishe ta, ta danna mata ƙafa da yatsa ta ga wurin ya lotsa bai tashi ba, ta ce, "Inna, yau ba gobe ba, a nemo Keke." A asibiti aka ɗauki hoton zuciyarta, irin hoton da ake yi wa mai ciki, sai dai a ƙirji ake ɗora abin. Aka ce kansa ba ta dawo ba, zuciya ce ta yi rauni. Kafin a fara magani, a kowane bugu zuciyarta tana tura kashi 60 cikin 100 na jinin da ke cikinta, wanda shi ne daidai. Ranar nan ta koma 35.

Ga inda muke so kowa ta buɗe kunne. Tun kafin a fara ɗaura mata maganin, likita ya tambaye ta ko akwai mai ciwon zuciya a danginsu. Ta ce babu. Kuma ba ƙarya ta yi ba, iyakar saninta ke nan. Amma a wannan karo likitan zuciya ya juya tambayar. Ya ce, "Hajiya, a gidanku akwai wadda ta taɓa kumbura bayan haihuwa?" Sai ta yi shiru. Mahaifiyarsu ba ta yi arba'in ba bayan haihuwar autansu, jiki ya kumbura, numfashi ya gagara, ta rasu. A gida an ce jego ne ya zo da gardama. Ƙanwarta kuma ta kumbura bayan haihuwa ta uku, har yau tana shan ƙwayoyi, amma a gida "maganin kumburi" ake kiran su. Ba wanda ya taɓa kiran abin da sunan ciwon zuciya. Likitan ya ce ba zai rantse ba sai da gwajin ƙwayoyin gado, amma tarihi irin wannan yana sa a yi zargin raunin a jini yake, maganin kansa ya zo ya tarar da shi.

To bari mu faɗi abin da muka koyo, daki-daki.

Jan maganin nan sunansa doksorubisin. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da aka samo a cikin ƙasa a Italiya, kuma ya haura shekara 50 ana ceton rayuka da shi. Ana ba masu kansar mama, da kansar jini, da wasu kansoshin yara. Aikinsa kashe ƙwayoyin cutar da ke saurin hayayyafa. Sai dai a kan hanyarsa yakan taɓa naman zuciya. Gashi in ya zube yana sake tsirowa, fata in ta yanke tana haɗewa, amma naman zuciya in ya mutu ba ya sake tohowa kamar sauran. Shi ya sa likitoci suke lissafin maganin nan kamar yadda ma'aji take lissafin zubi: ba na yau kaɗai ake dubawa ba, jimlar duk abin da ya taɓa shiga jikin mutum ake tarawa. Suna auna shi da miligiram, daidai da tsawo da nauyin mutum. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2003 ya nuna in jimlar ta kai 400, kusan mutum 5 cikin 100 zuciyarsu takan gaza. In ta kai 550 sai su zama 26 cikin 100. Ɗauri huɗu irin wanda aka saba yi wa mai kansar mama jimlarsa 240 ne, wato ƙasa da wancan sosai. Yayarmu ba ta wuce ƙa'ida ba, ba a yi mata kuskure ba.

Akwai wani maganin kuma mai suna Herceptin, wanda aka fara amfani da shi a 1998. Ba kowace mai kansar mama ake ba shi ba, sai wadda gwaji ya nuna irin tata cutar tana jin sa, kamar mace 1 cikin 5 ko 6. Shi ma yakan raunana zuciya, sai dai nasa sau da yawa in an dakata zuciyar takan farfaɗo. Don haka ake so mai shan sa ta riƙa yin hoton zuciya kamar bayan kowane wata uku. Haka ma gashi da ake yi da na'ura, in a maman hagu ne, zuciya tana nan kwance a bayansa, sai likitoci sun tsara yadda hasken zai kauce mata.

Tambayar da ta dame mu ita ce, mata biyu, magani ɗaya, awo ɗaya, don me ɗaya za ta tashi garau, ɗaya kuma ƙafa ta kumbura? An ce mana dalilan suna da yawa: yawan shekaru ko ƙarancinsu sosai, hawan jini, ciwon suga, ƙiba, shan taba, da ciwon zuciyar da mutum yake da shi tun da. Sannan akwai gado.

Maganar gado ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowa a nan ta san sikila. Mun san AS da SS, mun san yanzu kafin a ɗaura aure ana cewa a je a yi gwaji. Mun san mai AS lafiyarta ƙalau, tana ɗauke da abin ne kawai. Kuma tun kafin asibiti iyayenmu suke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kamar yadda ake gadon tsawo da hanci da wushirya, haka ake gadon yadda naman zuciya yake.

Yadda aka kwatanta mana shi ne, a cikin naman zuciya akwai wani zare mai talewa kamar robar wando, sunansa taitin. Shi yake taimaka wa zuciya ta buɗe ta koma, ta buɗe ta koma, dare da rana. Umarnin yadda jiki zai ƙera wannan zare yana rubuce a ƙwayoyin gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kamar awon da muke kai wa tela. A wasu mutane awon ya zo a gutsure, sai zaren ya fito gajere. Wanda yake ɗauke da wannan, kowane ɗa da ya haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Kuma da yawa daga masu ɗauke da shi har su tsufa ba su san da shi ba. Kamar tukunyar ƙasa ce mai siririyar tsaga. In ruwan sanyi kike zubawa za ta shekara ba ta yoyo. Ranar da kika ɗora ta a murhu, ranar za ki sani. Wutar kuwa tana iya zama ciki da haihuwa, tana iya zama giya ga masu sha, tana iya zama jan maganin nan.

Ba mu muka ƙirƙiro ba. A 2019 likitocin Amurka da Turai sun duba mutum 213 da zuciyarsu ta yi rauni bayan maganin kansa. Suka tarar kusan 7 zuwa 8 cikin 100 suna ɗauke da wannan gajeren zare, alhali a sauran jama'a bai wuce 1 cikin 100 ba. Kafin nan, a 2016, wasu sun duba mata 172 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego, suka samu irin wannan gutsurewa ta taitin a kusan 10 cikin 100. Kun ga ke nan tsaga ɗaya ce, wuta ce daban-daban. A Kanada ma, a 2015, an gano wata ƙwayar gado ta daban da take sa wasu yara su fi saurin samun raunin zuciya in an ba su irin wannan magani. Ku lura da lissafin dai: yawancin waɗanda zuciyarsu ta yi rauni ba a same su da gajeren zaren ba. Gado kashi ɗaya ne cikin dalilai, ba shi ne duka ba.

Me ya sa wannan ya shafe mu mu matan Zariya fiye da wasu? Saboda a littattafan likitocin duniya, in ana maganar ciwon zuciya na jego, sai an ambaci sunan garin nan. Wani likita Bature, Farfesa Eldryd Parry, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1969. Shi da abokin aikinsa Dakta Davidson suka bi mata sama da 200 a nan Zariya waɗanda suka kumbura bayan haihuwa, suka fitar da sakamakon a 1978. A lokacin an ƙiyasta kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100 a tsakanin matan Hausawan yankin nan tana samun wannan ciwo, adadin da ba a cika ganin irinsa a duniya ba. Su a wancan zamani sun danganta shi da yawan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitocin Nijeriya, aka fitar da shi a 2020. Ya nuna har yanzu ciwon ya fi yawa a nan Arewa maso Yamma, kuma abubuwan da suka fi fitowa tare da shi su ne rama, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki, da rashin zuwa makaranta. Da aka karanta mana wannan na ƙarshe sai muka kalli juna, muka ce ashe ajin malama ma magani ne.

Ba mun tsaya nan ba ne don mu zagi al'adar iyayenmu, su ma ƙauna ce ta sa suke dafa mana ruwan. Abin da muke cewa shi ne, a garin da iyaye da kakanni da yawa suka kumbura bayan haihuwa, gidaje da yawa suna da tarihin ciwon zuciya ba su san sunansa ke nan ba. In likita ya tambaya sai mu ce babu. Waɗancan binciken na ƙwayoyin gado a kan mutanen wasu ƙasashe aka fi yin su, gwajin kuma yana da tsada. Amma tarihin gida kyauta ne, yana bakin gwaggo da inna da kaka, sai dai in ba mu tambaya ba.

Yanzu ga magana mai nauyi, kuma dole mu faɗe ta. Lokacin da yayarmu take kwance ƙafa a kumbure, akwai wata ƙanwarmu mai sayar da kayan miya, 'yar ƙungiyar nan, da ita ma aka gano mata ciwon a mama. An yi mata ɗauri ɗaya, saura. Ta zo dubiya ta ga halin da ake ciki, ta kuma ji abin da bakunanmu suke faɗa: "maganin asibiti ne ya cinye ta", "gara mutum ya mutu da gashinsa". Ba ta koma ba. Aka kai ta wani ƙauye wurin mai magani. Da aka dawo da ita bayan wata bakwai, abin ya fashe, ya bazu. Ta bar yara huɗu, ƙaramin bai shiga firamare ba. Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta. Kwana ya ƙare, mun sani. Amma mu da muka yi waɗancan maganganu a gabanta, har yau abin yana cin mu.

Saboda haka, don Allah don Annabi, kada wata ta tashi daga wurin nan ta je ta ce kwamitin lafiya ya ce maganin kansa yana kashe zuciya. Ba haka muka ce ba. Ku ji lissafin. A birnin Milan na Italiya an bi mutum 2,625 da aka ba irin wannan magani, aka fitar da sakamako a 2015. Mutum 9 cikin 100 ne zuciyarsu ta yi rauni, 91 lafiya lau. A cikin waɗanda abin ya taɓa, kusan dukkansu a shekarar farko bayan gama magani ya bayyana. Kuma da aka gano da wuri aka fara ba su maganin zuciya, sama da 80 cikin 100 sun samu sauƙi, wasu gaba ɗaya, yawanci wani ɓangare. Ita kuwa kansar da aka bari ba magani, ba ta da irin wannan rangwame. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da kansar mama a Nijeriya a shekara ɗaya, kusan rabin wannan adadi kuma suka rasu, kuma babban abin da yake cin mu shi ne zuwa asibiti a makare. Yayarmu da ta yi maganinta, ta sha wuya sau biyu, amma ga ta nan. Tana shan ƙwayoyinta safe da yamma, ta rage gishiri da dunƙule, ta bar kanwa, hoton bara ya nuna zuciyar ta hau zuwa 50, kuma jiya ma ita ta sayar mana da ankon da muke sanye da shi.

Mu kuma Allah ya yi mana gata. Mata suna tasowa daga wasu jihohi, su kwana a hanya, don su zo sashen kula da masu kansa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mu daga Kwangila mota ɗaya ce. Asibitin yana cikin guda shida da gwamnatin tarayya ta fara da su a 2021 a shirin asusun tallafa wa masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza waɗanda ba su da hali. Duk wadda abin ya same ta, ta tambayi yadda ake shiga, kada kunya ta hana ta.

To ga abin da kwamiti yake roƙon wannan taro ya amince da shi.

Na farko, littafin tarihin gida. Malama ta yarda, daga wata mai zuwa kowace 'yar aji za ta sayi littafi mai fallaye 20, wannan shi ne aikin gida. Ki je ki zauna da tsofaffin gidanku, ɓangaren uwa da na uba. Kada ki ce "wa ya yi ciwon zuciya", za a ce miki babu. Ki ce: wa ya taɓa kumbura bayan haihuwa? Wa ya rasu kafin arba'in? Wa ya yanke jiki ya faɗi yana da sauran ƙuruciya, ko aka wayi gari aka tarar ya cika ba tare da jinya ba? Wa yake kwana a zaune saboda numfashi? Wa ya yi ciwon daji, a ina, yana da shekara nawa? Maza ma a rubuta su, don ta wurin uba ma ana ɗauka. Wadda hannunta bai nuna ba tukuna, ta kawo maganar a baki, za mu rubuta mata. Littafin naki ne, ba za a karanta shi a taro ba, kuma ba abin gori ba ne. Kada mu ji an fasa auren 'yar wani saboda kakarta ta kumbura. Mun sha ganin yadda gorin sikila ya raba zumunci, ba ma so a maimaita.

Na biyu, kada 'yar ƙungiya ta je ganin likitan kansa ita kaɗai. Za a haɗa ta da wadda ta iya rubutu. Mutum in yana cikin tsoro, ana faɗa yana mantawa. Kuma ga tambayoyi huɗu da za a tafi da su a rubuce: Maganin nan yana taɓa zuciya? Za a ɗauki hoton zuciyata kafin a fara? Yaushe za a sake ɗauka, ana cikin magani da bayan an gama? Ga tarihin gidanmu, ya canza wani abu? In likita ya san da raunin tun farko, yana da dabaru: ya sauya magani, ko ya rage, ko ya haɗa da mai kare zuciya, ko ya tura ki wurin likitan zuciya ku tafi tare. A yi tambaya cikin ladabi, amma a yi. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, a ajiye takardu. Sunan maganin da aka ɗaura, sau nawa, da sakamakon hoton farko. Da ba don hoton farko na yayarmu yana nan cikin jakarta ba, da ba a san daga 60 ta sauko ba. Ko bayan shekara 10 ne, in za a sake ba ki magani, ko kin samu ciki, likita yana bukatar ya san abin da ya taɓa shiga jikinki. Wadda ta taɓa shan jan magani ko ta taɓa kumburin jego, ta ga likita tun kafin ta sake ɗaukar ciki.

Na huɗu, alamomi. Haki a aikin da da ba ya sa ki haki. Kumburin ƙafa ko ciki. Kasa kwanciya a miƙe. Tarin dare. Zuciya tana dukan uku-uku ba tsoro ba gudu. Gajiyar da ba ta da dalili. Duk wadda ta yi maganin kansa, ko mai jego, ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti a ranar. Ba kemis, ba jiƙo, ba "bari mu ga zuwa Juma'a". Sati shidan da muka ɓata, da an ba mu su yanzu da mun saya da kuɗi.

Na biyar, kuɗi, don mun san nan ne gizo yake saƙa. Sau da yawa mace takan tsallake hoton zuciya saboda an riga an tatse ta a kuɗin aiki da magani, sai ta ga wannan ƙari ne kawai. Muna roƙo a ƙara naira 200 a kan zubin kowane mako, a ware ta daban, ba a ba da ita bashi, ba a taɓa ta don biki ko suna. Aikinta biyu: biyan hoton zuciya da kuɗin mota ga 'yar ƙungiya ko 'yarta, da sayen na'urar awon hawan jini guda ɗaya da za a riƙa auna kowa ranar taron wata. Mun san kasuwa ba daɗi, mun san wasu da kyar suke haɗa na yanzu. Mun yi ta gardama a kan wannan a kwamiti, ɗayarmu ta ce 100 ta isa. Mun kawo muku ku yanke. Hajiya shugaba za ta sa a ɗaga hannu bayan an ci abinci.

Iyayenmu tsofaffi, roƙonmu na musamman gare ku ne. Ku ne kuka yi wa mata wanka, ku kuka zauna da masu jego, ku kuka san wadda ta tashi da wadda ba ta tashi ba. Abin da kuka gani babu shi a fayil ɗin kowane asibiti. In jikokinku sun zo da littafi da biro suna tambaya, kada ku ce tone-tone ne, ku faɗa musu. 'Yar yayarmu ta fari tana da ciki wata shida yanzu. Ta riga ta kai wa likitan awo tarihin kakarta da na innarta da na mahaifiyarta, an ɗauki hoton zuciyarta, an ce lafiya, kuma za a sake dubawa bayan ta sauka. Kakarta ba ta samu wannan ba.

Muna godiya ga yayarmu da ta yarda a buɗe sirrinta don amfanin wasu. Muna godiya ga 'yarmu nas da ba ta gaji da tambayoyinmu ba, da malama da ta gyara mana rubutu har dare. Marayun ƙanwarmu suna nan, kuɗin makarantarsu na zango mai zuwa bai cika ba, akwai kwano a bakin ƙofa.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfanar da mu. Inda muka yi kuskure, a gyara mana, ɗalibai ne mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya mayar da kowa gidanta lafiya.